Me ya haɗa shari'a da siyasa da fim a aji ɗaya?

Tambaya: Malam, na ga wani kwas a jami'a inda ake nazarin alaƙar doka da rikicin siyasa da kuma fina-finai da waƙoƙi. Me ya kawo fim cikin maganar shari'a? Kuma idan na yi shi zan zama lauya?

Amsa: Bari in fara da ta ƙarshe, ɗan'uwa. Wannan karatu shi kaɗai ba zai ba ka izinin tsayawa gaban alƙali ba, wannan hanyarsa daban. Mai karatun lauya yana neman sanin abin da doka ta ce. Kai kuwa za a koya maka ka tambayi wa ya rubuta ta, wa ta amfana, kuma me ya same ta bayan ta bar kotu. Tun a 1910 masanin shari'a Roscoe Pound ya bambanta dokar da ke cikin littafi da wadda ke aiki a tsakanin mutane.

Ga misali. A 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantun gwamnati tsakanin farare da baƙaƙen fata. A takarda magana ta ƙare. Amma a 1957, a garin Little Rock na jihar Arkansas, gwamnan jihar ya sa dakaru suka tare ɗalibai baƙaƙe tara a ƙofar makaranta, sai da Shugaba Eisenhower ya aiko da sojojin tarayya suka raka su aji. Abin da ya faru tsakanin hukuncin da zuwan sojojin shi ne abin nazarinka. Wani lokaci kuma kotun ce da kanta ke zama fagen fama, kamar yadda Nelson Mandela ya mayar da shari'ar Rivonia da aka yi masa a Afirka ta Kudu a 1964 wurin tuhumar mulkin wariya.

Batun fim kuwa, kada ka ɗauke shi wasa. Mutum nawa ne suka taɓa buɗe kundin doka? Yawancinmu a allon talabijin muka fara ganin kotu. Gargaɗin nan da 'yan sandan Amurka ke yi wa wanda suka kama, cewa yana da 'yancin yin shiru, daga hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar wani mai suna Miranda a 1966 ya fito, fina-finai suka yaɗa shi duniya. A 2000, da aka nemi kotun ta janye shi, ta ƙi, har ta ce ya riga ya shiga al'adar ƙasar.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Simon Bikindi, mawaƙin Ruwanda. Kotun duniya da ta zauna a Arusha, Tanzaniya, ta saurari waƙoƙinsa, ta yarda an yi amfani da su wajen rura ƙiyayya a kisan ƙare-dangi na 1994. Duk da haka a 2008 ba kan waƙa ta ɗaure shi shekara 15 ba, sai kan kiran kisa da ya yi ta lasifika a kan hanya. Ina iyakar waƙa, ina farkon laifi? Amsa wannan sai wanda ya san doka, ya san tarihin rikicin, ya kuma iya sauraron waƙa.

Idan ka shiga, ka shirya karatu mai yawa: hukunce-hukuncen kotu, tarihi, nazarin zamantakewa, da rubutu kusan kowane mako. Masu aikin jarida da kare haƙƙin ɗan'adam da sasanta rikici sukan ci moriyarsa sosai.