Airis ɗin lambunmu ya daina fure, me za mu yi?

Malam, ka ce airis ɗin lambun jama'a da kake kula da shi a Amurka sai ganye, ba fure, alhali deilili na gefensa na ta yi. (Airis da deilili duk shuke-shuken furanni ne na ado.) Tona gindi ɗaya ka duba. Saiwar airis mai kaurin nan ba ta son a binne ta da zurfi. A bar bayanta a waje, rana na dukansa. In ta cunkushe kuma, a raba ta duk shekara 3 ko 4, tsakanin Yuli da Agusta, a yar da ruɓaɓɓun. Shi deilili ba ruwansa, har 'yar inuwa yana jurewa.

In da hali, leƙa lambun airis na Presby da ke jihar New Jersey, wanda aka kafa a 1927, cikin watan Mayu, ka ga irin tazarar da suke bari tsakanin gindi da gindi.