Bonsai ɗinka na fikus: shigo da shi ɗaki, sannan ka rage masa ruwa

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka sayi ɗan bonsai na fikus, wato itacen da ake raino a tukunya a hana shi girma sosai, a nan Ingila, yana baranda tun watan Yuni, yanzu Oktoba ta kama ganye ya soma rawaya yana zuba, kana tambaya ko ka shigo da shi ko ka bar shi ya saba da sanyi. Don Allah ka shigo da shi yau.

Wanda ya ce maka zai saba, wataƙila irin su junifa da mapul na Japan yake nufi. Waɗannan 'yan ƙasar sanyi ne, sai sun sha hunturu a waje sun yi barcinsu, in ka kai su ɗaki mai ɗumi ka cuce su. Naka ba ya cikin sahunsu. Fikus dangin cediya da durumi da ɓaure ne, irin da ake sayarwa a shagunan nan asalinsa Asiya ne, ɓangaren da ba a san ƙanƙara ba. Da zarar dare ya fara sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius yana cikin wahala, dare ɗaya na ƙanƙara kuwa ya isa ya gama da shi. A ɗaki, digiri 15 zuwa sama ya wadatar.

To amma a shekarun da na yi ina rainon waɗannan itatuwa a Leeds, na lura ba sanyi ke kashe yawancinsu ba bayan sun shigo ɗaki. Duhu ne da yawan ban ruwa. A Disamba hasken rana a nan bai cika awa takwas ba, shi ma galibi hadari ya rufe shi, alhali a Kano ko a wannan watan ya haura awa 11. Itacen da ba ya samun haske ba ya girma, wanda ba ya girma kuma ba ya shan ruwa sosai. Mai shi ya ga ganye na zuba, tausayi ya kama shi, ya ƙara ruwa safe da yamma. Saiwa ta zauna cikin laka mai sanyi ta ruɓe, ganye ya ƙara zuba, shi kuma ya ƙara ruwa. Haka ake rasa su.

Saboda haka ka manta da lissafin kwana. Nemo tsinken tsire ka soka shi har gindin tukunyar, ka bar shi minti goma ka zaro. In ya fito da duhu, ƙasa ta manne masa, ka ƙyale shi. In ya fito kusan a bushe, sai ka zuba ruwan da ba mai sanyi ba, ka zuba sosai har ya riƙa ɗiga ta ramukan ƙasa, ka zubar da wanda ya taru a faranti. Wasu shagunan suna manne tsakuwa da gam a saman tukunya don ado. In naka haka yake, ɓamɓare ta, domin tana hana ka ganin halin da ƙasar ke ciki.

Batun haske, tagar da ke fuskantar kudu ita ce wurinsa, dab da gilashi. Teburin tsakiyar falo yana da haske a idonka, amma a wurin itace duhu ne. Da daddare kada ka ja labule ka bar shi tsakanin labulen da gilashi, nan ne wuri mafi sanyi a ɗakin. Idan tagoginka arewa suke kallo, sayi fitilar LED ta shuke-shuke, ka rataye ta kamar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi sama da ganyen, tare da ɗan agogon da ke kunna ta awa 12 a rana. A ganina kuɗin fitilar nan ya fi duk wani taki ko tukunya mai tsada amfani.

Matsalar gidajen nan ita ce hita a ƙarƙashin taga take. Iskar da ke tasowa daga gare ta busasshiya ce kamar iskar hunturun gida mai tsattsage leɓe. Kada tukunyar ta zauna kai tsaye a kanta. Sa tire mai tsakuwa da ɗan ruwa a ƙarƙashi, amma gindin tukunyar kada ya taɓa ruwan. Yana ɗan taimakawa. A wannan bushewar ne wasu ƙananan ƙwari ke yaɗuwa a bayan ganye. Riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe ka girgiza: in ka ga ɗige-ɗige suna motsi, ko siririyar saƙa irin ta gizo-gizo a gindin ganye, kai shi banɗaki ka wanke ganyen da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan ka fesa man darbejiya da ɗigon sabulu, ka maimaita duk mako har su ɓace.

Ka shirya zuciyarka, zai ƙara zubar da ganye bayan ka shigo da shi, ɗabi'ar fikus ce idan an canza masa wuri. Kankare ɓawon reshe kaɗan da farce, muddin ka ga kore a ciki yana da rai. Kada ka yi ta yawo da shi daga ɗaki zuwa ɗaki. Kada ka canza masa ƙasa ko ka yi masa babban aski yanzu, wannan aikin lokacin zafi ne. Taki ma a dakata sai ka ga sabon toho.

In nan gaba ka ƙara da bonsai na itacen kuka ko na kariya, su kam ganyen suke zubarwa su huta a lokacin sanyi, kusan ba a ba su ruwa har sai sun farka.

Kada ka yi gaggawar mayar da shi baranda. Jira ƙarshen Mayu, dare ya daina sauka ƙasa da digiri 12, ka fara da inuwa mako biyu kafin rana, in ba haka ba ganyen da ya fito a ɗaki zai ƙone. Turo hoton bayan ganyen da na saman ƙasar mu gani. Allah ya raya maka shi.