Kiɗan da Ake Ƙi Shi Ma Yana Koyar da Aiki

Yarona, ka ce ka lura a cikin kiɗan rawa na na'ura akwai nau'o'in da ko masu sana'ar kan yamutsa fuska in an ambace su, irin su gabber da happy hardcore da brostep, kana kuma tambaya ko ba ɓata lokaci ba ne ka saurare su, tunda babu mai biki da zai ɗauke ka aiki ya ce ka sa masa su. Gaskiya ne, ba za a neme su a wurinka ba. Duk da haka ina so ka saurare su da kunnen mai aiki, don ƙin da ake musu ba iri ɗaya ba ne. Wani laifin kiɗan ne, wani kuwa masu rawarsa aka raina sai rainin ya shafi kiɗan.

Fara da gabber, shi aka fi zagi, shi ne kuma zai fi ƙaruwa da kai. A Rotadam ta ƙasar Holan ya yi ƙarfi a farkon shekarun 1990. Wani Bajamushe, Marc Acardipane, ya riga ya fitar da irin wannan sauti mai kaushi a Farankfot tun 1990, sai Paul Elstak ya kafa kamfanin Rotterdam Records a 1992, shekarar da aka yi taron Thunderdome na farko. Kiɗan house da ka saba da shi bugu 120 ne zuwa 128 a minti ɗaya. Gabber kuwa daga wajen 160 yake kamawa, ya haura 180. Amma ba saurin ne sirrinsa ba, babbar gangar ce. Daga na'urar Roland TR-909 suke ɗauko ta, su tura ta cikin miksa, su murɗa ƙarfin shigarta har ya wuce abin da layin zai iya ɗauka. In ka duba zanen sautin a kwamfuta za ka ga kansa da ya kamata ya zama mai lanƙwasa an sare shi, ya koma kusan mai kusurwa huɗu. Daga nan gangar ta daina cewa "dum" ta yi shiru, ta samu murya mai tsawo wadda za a iya ɗagawa a sauke, har a yi waƙa da ita.

A nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Su da gangan suka fasa sautin, a layi guda, a situdiyo, suka naɗe shi a haka. Ko ka rage ƙara ƙasa-ƙasa, a fashe za ka ji shi, sifika kuma tana cikin lafiyarta. Wannan daban yake da abin da yara ke yi a filin biki, su bar jar wuta tana ci a kan miksa daga farko har ƙarshe, amfilifaya tana ihu, wai don a ji su a unguwa ta gaba. A wannan halin komai ne ke fashewa tare, muryar mawaƙi da fiyano da ganga, kuma tuwita, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, ita ce ke fara biyan bashin. Da farko za ka ji saman sautin ya dushe, sai wari irin na ƙonannen fenti ya taso daga akwatin. In ka kwance ta ka zaro kwayil ɗin, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, jan ƙarfen da ke sheƙi ya koma baƙi, yana marmashewa a yatsa. Wanda bai iya bambanta waɗannan fashewar biyu ba, shi ne zai ce gabber sautin ɓatacciyar sifika ne, shi ne kuma zai ƙona wa maigidansa kaya. Sai dai ka sani, ko an sa gabber yadda ya kamata, sautinsa a cushe yake, ba ya ba kwayil hutun da zai huce. Ka bar wa amfilifaya sarari, ka riƙa kai hannu bayanta kana jin zafinta.

Me ya sa aka tsane shi haka? Kaushinsa na gajiyar da kunne, wannan ba musu. Amma yawancin masu rawarsa 'ya'yan ma'aikata ne, masu aske kai ƙwal, da kayan motsa jiki da takalmin Nike Air Max, da yawansu magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Feyenoord da ke Rotadam. Mutanen Amstadam na ganin kansu wayayyu, su kuma waɗannan 'yan tasha ne. An samu tsiraru masu wariyar launin fata a cikin taron, jaridu suka yi wa kowa kuɗin goro, har kamfanin Mokum Records ya riƙa buga saƙon yaƙi da wariya a jikin fayafayansa. Sai kuɗi ya shigo. Wajen 1995 aka tausasa kiɗan, aka zuba masa waƙoƙi masu zaƙi, ya shiga rediyo da talabijin, aka fara yi masa shaƙiyanci a waƙa. Kafin shekarun 1990 su ƙare kasuwar ta faɗi, na waje na dariya, na ciki na cewa an sayar da su.

Happy hardcore labarinsa ya ɗan bambanta. A Ingila, wajen 1993, kiɗan hardcore na can ya rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya yi duhu da nauyi ya zama jungle, marubuta suka girmama shi. Ɗayan ya riƙe fiyano mai annashuwa da muryar mata da aka ƙara wa sauri har ta siranta, aka ce wannan kiɗan yara ne. Ka san irin maganar, don haka manyanmu da suka tashi da kalangu da kukuma suka faɗa wa waƙoƙin nanaye lokacin da fiyano ta mamaye Kano. Ni ma zaƙinsa kan ishe ni da wuri. Amma kada ka raina hannun masu haɗa shi. A bugu 170, tsakanin ganga da ganga kusan sulusin daƙiƙa ne kawai. Fayafai biyu suka ɗan saɓa, nan take za a ji gangunan suna tuntuɓe, kuma mutanen nan da faifan garmaho suke yi, babu maɓallin da ke daidaita musu.

Brostep kuwa na fahimci fushin masu ƙinsa. Dubstep na asali a Croydon da ke kudancin Landan ya tashi a farkon shekarun 2000, bugu 140, da bes mai zurfi wanda a ƙirji ake jin sa, da fili mai yawa tsakanin sauti da sauti. Da ya haye Amurka wajen 2010 sai aka ɗago bes ɗin zuwa tsakiya, ya zama gurnani da ƙarar ƙarfe, aka cike filin kaf, wannan ne aka laƙaba wa suna brostep. Skrillex, Ba'amurke mai haɗa irin wannan kiɗa, ya ci kyautar Grammy uku a 2012, mutanen Landan suka ga an ɗauki sunan kiɗansu an liƙa wa wani abu. Suna da hujja. Amma ka tambayi kanka me ya sa na Amurka ya bazu. Ƙaramar sifikar waya ko ta kwamfuta ba ta iya fitar da wancan bes mai zurfi, gurnanin tsakiya kuwa tsaf take fitar da shi. Masu kawo mana aiki yawancinsu a waya za su ji abin da muka haɗa. In bes ɗinka a can ƙasa kaɗai yake zaune, a wurinsu babu shi, dole ka ɗan ƙara masa kaushi a tsakiya.

Wanda ni kaina ba na karewa shi ne big room, da ya cika manyan taruka wajen 2013. Ƙaramar ganga ta yi ta sauri, a yi tsit, babbar ganga ta faɗo da siririn sauti guda a kai, waƙa bayan waƙa duk bugu 128. Masu cewa ƙwiya ce sun yi gaskiya.

Akwai kuma na can ƙarshe, speedcore da ke haura bugu 300, da extratone da ke wuce 1,000. Wannan ba na rawa ba ne, amma ka gwada shi sau ɗaya a kwamfuta. Bugu 1,200 a minti bugu 20 ne a daƙiƙa, wajen nan ne kunne ke daina jin ganga ɗaya-ɗaya ya fara jin murya guda mai ruri.

Duk wannan gwajin ka yi shi da ƙara kaɗan. Ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata ita ce awa 8 a desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 kwata ɗin awa ke nan. Kafin Asabar ka ɗauki ganga guda ka fasa ta a layinta kaɗai, ka naɗa. Ka sake naɗar wata da ka bar miksa gaba ɗaya ta shiga ja. Ka kawo min su biyun ba tare da ka rubuta suna ba, kai za ka fara gaya min wacce ce wacce.