Ya Ci Zaɓe, Me Ya Hana Dragnea Zama Firaministan Romaniya?

Tambaya: Malam, na ji an ce jam'iyyar Liviu Dragnea ce ta lashe zaɓen Romaniya na 2016, amma shi bai taɓa zama firaminista ba. Yaya aka yi haka?

Amsa: Ɗan'uwa, doka ce ta tare masa hanya. A Yulin 2012 an yi ƙuri'ar raba gardama kan tsige Shugaba Traian Băsescu, kuma sai masu jefa ƙuri'a sun haura rabin masu rajista kafin sakamakon ya yi aiki. Kusan kashi 46 cikin 100 ne suka fito. Kotu ta samu Dragnea da laifin amfani da ƙarfinsa a jam'iyya don kumbura yawan masu fitowa. A 2015 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya na je-ka-gyara-halinka, a Afrilun 2016 aka mayar da shi shekara biyu. Dokar ƙasar ta 2001 kuwa ta haramta wa mai irin wannan hukunci shiga majalisar ministoci.

Don haka da jam'iyyarsa ta PSD ta samu kusan kashi 45 a Disamban 2016, sai ya riƙe shugabancin majalisar wakilai da na jam'iyya, ya riƙa naɗa firaminista daga gefe. Ya fara gabatar da Sevil Shhaideh, Musulma, Shugaba Klaus Iohannis ya ƙi amincewa. Sai aka naɗa Sorin Grindeanu.

A nan ne tsarin ya fara ɓaci. Wanda ke kan kujera shi ke sa hannu, shi kuma zai amsa tambaya gobe, ga shi umarni daga wani yake zuwa. Daren 31 ga Janairun 2017 gwamnati ta fitar da dokar gaggawa mai lamba 13, wadda ta cire hukuncin laifi daga cin amanar ofis idan asarar ba ta kai lei 200,000 na kuɗin ƙasar ba. Jama'a suka ɗauka don Dragnea aka yi ta. Mutane kusan rabin miliyan suka cika tituna cikin tsananin sanyi, aka soke dokar cikin kwanaki. Da dangantaka ta yi tsami tsakanin Dragnea da Grindeanu, a watan Yuni PSD ta kayar da firaministanta da ƙuri'ar rashin amincewa, abin da ba a saba gani ba. Mihai Tudose da ya gaje shi bai wuce Janairun 2018 ba, sai Viorica Dăncilă ta hau.

A ganina, wannan sauye-sauyen ne ya fi cutar da ƙasar, domin ma'aikatu ba su samu natsuwar yin aiki ba.

Ranar 27 ga Mayun 2019 Babbar Kotu ta tabbatar masa da ɗaurin shekara uku da rabi, kan wasu mata biyu da ke karɓar albashi daga hukumar kula da yara ta gundumar Teleorman alhali aikin jam'iyya suke yi. An sake shi bisa sharaɗi a Yulin 2021.