Tambaya da Amsa: Babana ya faɗi gwajin ƙwaƙwalwa, gigin tsufa ne?

TAMBAYA: Salam likita. Mun kai Baba asibiti saboda 'yar mantuwa da ya fara, aka yi ta mishi tambayoyi, wai yau nawa ga wata, ya dinga cire 7 daga 100, ya rubuta jimla ya kwafi wani zane. Ya ci 17 cikin 30 aka ce da alamar gigin tsufa. To Baba allo ya yi, bai taɓa shiga aji ba, amma har yau da ka yake lissafin kuɗin hatsinsa. Hankalina a tashe yake wallahi. Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan gwajin MMSE ne, a Amurka aka fito da shi a 1975, kuma an saba cewa ƙasa da maki 24 akwai matsala. Sai dai fa wannan 24 ɗin a kan masu boko aka auna ta. Dattijon da da watan Musulunci yake ƙirga, bai saba riƙe biro ba, ka ce ya zana maka siffa mai kusurwa biyar, ai zai zubar da maki ko da ƙwaƙwalwarsa garau take, balle in wani ne ya tsaya yana tafinta da ka, kowa da yadda zai juya tambayar, ma'aunin ya riga ya karkace. Abin nan yana damuna sosai.

Shi ya sa masu bincike a Ibadan suka yi aiki da wani gwajin ƙwaƙwalwa mai suna CSI-D, wanda har da tambayar iyalin gida a ciki, suka kuma kawo gwajin jera tsinken ashana a madadin zane. Ko gwajin ƙwaƙwalwa na MoCA na Kanada yana ƙara maki 1 ga wanda karatunsa bai wuce shekara 12 ba.

Amma kar ki share zancen. Ku koma wajen likitan ƙwaƙwalwa, ki faɗa mishi Baba bai yi boko ba, a duba ji da ganinsa, a auna jini saboda ƙarancin bitamin B12 da matsalar tayirod (wata halitta da ke gaban wuya) suna kawo mantuwa, haka ma damuwa. Kafin nan ki rubuta abin da ya canza daga bara zuwa bana, yana ɓata a hanyar masallaci? Yana rikicewa a raka'o'in sallah, ko yana maimaita tambaya ɗaya? Ki tafi da wanda ya fi zama da shi a gida.