Ta ina zan fara rage wa tsohuwar Fijo 504 nauyi don tsere?

Yallabai ka ce kana haɗa 504 don tseren miƙaƙƙiyar hanya na mita 402 kuma kuɗi ba yawa, to fara da abin da ba zai ci maka ko sisi ba. Kujerar baya, kafet, sifeya taya, jak, rediyo da sifiku, duk ka sauke su, in da kayan AC su ma su tafi. Masu harkar nan a Amurka suna lissafin duk kilo 45 da ka cire yana rage kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Batir kuma ka mayar da shi but, don 504 da tayoyin baya take ja, nauyin ya danne su sai ta kama ƙasa wajen tashi, amma a ɗaure shi sosai, a kuma jona shi da wayar wuta mai kauri. Kar ka cika tanki, litar fetur ɗaya ta kai wajen giram 750. In kuɗi sun samu ka nemi rim na alminiyom, nauyin da ke juyawa ya fi cin ƙarfin inji.

Abin da nake roƙonka don Allah kar ka bari mai walda a Sabon Gari ya yanke maka ginshiƙan bodi ko ya taɓa birki, wallahi na ga wadda aka yi wa haka, ƙofofinta ma sun daina rufuwa.