Amsa ga mai tambayar dutse da kututture

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da warhaka. Na saurari muryar ƙanenmu da ya ce ya sayi ƙarafen huda fata da ƙarafen buga mata ado, wai bakin na hudar ya riga ya dakushe, adon kuma ba ya fitowa sosai, yana tambaya ko kayan ne jabu. Na kuma ji ya ce a kan simintin ɗaki yake yin duka biyun, wani lokacin a kan benci. To ƙanena, ka kwantar da hankalinka, ba lallai ne laifin kayan ba. Abin da kake ɗora fatar a kai shi ne matsalar.

Ka ga, buga ado daban, huda daban, kowanne da irin wurin da yake so. In za ka buga ado, ƙarfen ba ya ratsa fata, danna ta kawai yake yi. Don haka kana son abu mai tauri, mai nauyi, wanda ba ya motsi ko kaɗan in an buga, domin duk ƙarfin bugun ya tsaya a cikin fatar. Benci kuwa lanƙwasawa yake yi, ko da ba ka gani da ido. Ya shanye rabin bugun, ya kuma sa ƙarfen ya yi tsalle ya sake sauka a gefe, shi ya sa kake ganin zanen ya fito biyu-biyu, dishi-dishi. Abin da za ka nema shi ne dutse, giranat ko mabul. Ba sai ka sayi sabo ba. Je wurin masu yanka dutsen saman kicin, ko ka zagaya kasuwar Ƙofar Ruwa in kana Kano, ka tambayi guntaye, musamman wanda ake cirewa a wurin da za a saka abin wanke-wanke. Kaurinsa kada ya gaza santimita 3, in ka samu mai 5 ya fi. Faɗin santimita 30 kowane gefe ya ishe ka bel da alabe da kube. Tayil na daɓe kada ka kusance shi, siriri ne, zai tsage.

In ka kawo shi, shimfiɗa masa tsohon tawul ko guntun roba a ƙasa, ka ɗora shi daidai kan ƙafar tebur, ba a tsakiya ba, don nan ne bugun yake gangarawa ƙasa kai tsaye. Ƙarar ma raguwa take yi, maƙwabta su huta. Masu aiki a zaune a ƙasa, ku kun ma fi samun sauƙi, a ajiye dutsen a kan buhu ko tabarma shi ke nan.

Wani zai ce ai ga guntun ƙarfen titin jirgi, ko uwar maƙera, sun fi dutse tauri. Haka ne, amma a nan nake so ku saurare ni da kyau. Fatar da take karɓar ado ita ce wadda aka jeme da bagaruwa, kuma sai an ɗan jiƙa ta, a bari ruwan ya shige har launinta ya kusa komawa yadda yake, ka taɓa ka ji sanyi. To jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa in ta haɗu da baƙin ƙarfe, baƙi take yi nan take. Ai da haka dukawa suke samun baƙin kuloko tun kaka da kakanni, ƙarfe ne yake haɗuwa da abin bagaruwar da ke cikin fata. A wurin rini abin so ne, amma a kan farar fatar da ka gama wahala a kanta, tabo ne da ba ya fita. Ƙarfe ka bar shi don ɗaura maɓalli da zoben igiyar takalmi, a busasshiyar fata. Ita kuwa fatar kamfani mai laushin nan, irin wadda ake jemewa da sinadarin kurom a masana'antun Challawa da Sharaɗa na Kano, ko a kan wane dutse ka buga ba za ta riƙe ado ba sai da zafi, kada ka zargi hannunka.

To sai huda. A nan ƙarfen ratsawa yake yi ya fita ta ɗaya gefen, dole bakinsa ya sauka a kan wani abu. In siminti ne ko dutse, bugu ɗaya ya isa ya naɗe bakin. Duba naka a rana, za ka ga gefen yana ƙyalli, ya lanƙwashe ciki. Abin da bakin zai sauka a kai dole ya fi shi laushi, amma a ƙarƙashinsa a samu nauyi. Ni a wurina babu kamar kututture. A yanko gungume a tsayar da shi, ka yi aiki a fuskar da zarto ya yanka, inda jijiyoyin itacen suke tsaye, kamar dai na mahauta. Bakin ƙarfen tsakanin jijiyoyin yake shiga, ba ya sare su, in ka zare su koma su haɗe. Katako a kwance kuwa saran jijiyar ake yi, ya riƙa fashewa, ya yi rami, fata ta nutse cikin ramin, hudar ta fito da gemu a baya. Nemi busasshen maɗaci ko marke. Ƙirya ma tana yi, ita ake sassaƙa turmi da ita, sai dai taurinta ya yi yawa ga ƙananan ƙarafe, sai ka ɗora guntun ƙirgi mai kauri a kai. In fuskar ta cika da ramuka, a yanke santimita 1 ko 2, ta dawo sabuwa.

Wanda ba shi da wurin kututture, ya sayi farin allon robar nan na yanka nama a kicin, mai kauri, ya ɗora a kan dutsensa. Yana aiki ƙwarai, musamman ga ƙarfe mai haƙora na huda layin ɗinki, wanda in ya nutse a itace kana jijjiga shi wajen zarewa sai haƙori ya ɓalle. Taya kada a yi da ita, tsalle take sa ƙarfe, ga waya a ciki.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonku don Allah. Na san wasu suna narka dalmar tsohon batirin mota su yi faranti su riƙa huda a kai, don ba ta cin bakin ƙarfe. Gaskiya ba ta ci, amma guba ce. Kun tuna Zamfara a 2010, yankin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma da ta shiga gidaje ta wajen aikin zinare. Mu da yawancinmu a zaure ko tsakar gida muke aiki, yara na rarrafe suna tsintar abu suna kai wa baki, hannun da ya taɓa dalmar shi zai ci tuwo. Hayaƙin narka ta ma kansa cuta ne. A bar ta.

Sannan ƙanena, na ji ƙarar da ke bayan muryarka, da gudumar kafinta kake bugawa. Ƙarfe a kan ƙarfe yana baje kan kayan aikin, wata rana ɓarɓashi ya tashi ya shiga ido. Samo gudumar itace ko ta roba mai tauri, ko a yanko maka guntun tsohuwar taɓarya. Waɗanda suka dakushe kuma kada ka zubar. Goga bakin ta waje kawai da sanfefa mai laushi, kana juya shi a hankali, ka zura waya ka fitar da guntayen fatar da suka toshe cikinsa, sannan ka riƙa soka shi a kakin zuma kafin huda. In ka yi haka ka turo mana hoton bakin da na adon, mu gani. Wassalamu alaikum.